Dokin da aka shafa wa fenti: yadda badaƙalar Fine Cotton ta tonu a Ostireliya

Ranar Asabar 18 ga Agusta 1984, a filin sukuwa na Eagle Farm da ke birnin Birisben a jihar Kwinsland ta Ostireliya, akwai wani ɗan ƙaramin tsere na mita 1500 wanda a ƙa'ida ba wanda zai tuna da shi washegari. Tseren ƙananan dawaki ne, irin waɗanda basu taɓa cin wani abun kirki ba. Cikinsu akwai wani tsohon doki ɗan shekara 8 mai suna Fine Cotton, wanda kwana goma kafin nan ya yi gudu a filin Doomben ya zo na 10 cikin dawaki 12. Dillalan caca suka buɗe shi a 33 bisa 1, wato in ka sa dala ɗaya ya ci za a ba ka 33, kuma wannan farashin ma'anarsa ɗaya ce, ba wanda ke ganin zai ci. Amma kafin a buɗe ƙofa farashin ya faɗo zuwa 7 bisa 2, dala uku da rabi kacal a kan dala ɗaya. Kuɗi ne ke ta kwararowa kansa, ba a Birisben kaɗai ba, har Sidni da sauran filaye a faɗin ƙasar, kai har Papuwa Niugini da Fiji an zuba kuɗi a kan wannan gajiyayyen dokin.

To dokin da ya fito da sunan Fine Cotton ba shi bane. Wani ne daban, Bold Personality, an rina masa gashi an shafa masa farin fenti a ƙafa.

Sai mutum ya gane tsarin sukuwa kafin ya gane me yasa wani zai ɗora wa kansa wannan wahalar. Dawakin tsere aji aji ne. Wanda ya saba cin manyan tsere ba a barinsa ya shiga cikin ƙanana, in ba haka ba kullum shi zai dinga lashewa ba wanda zai yi sha'awar kallo. Sannan akwai nauyi da ake ɗora wa doki gwargwadon ƙarfinsa, mai ƙarfi ya ɗau mai yawa rago ya ɗau kaɗan, dan a daidaita su. Shi kuma dillalin caca yana sa farashi ne bisa tarihin dokin, sau nawa ya ci, wa ya kayar, yaushe rabonsa da yin abun a zo a gani. Duk wannan ginin a kan abu ɗaya ya tsaya, cewa dokin da ke rubuce a takarda shi ne dokin da ke tsaye a fili. In ka samu ka shigo da doki mai aji da sunan rago, kaga ka samu gudun babba a farashin ƙarami, ga nauyi mara yawa. Dabarar kenan, kuma tsohuwa ce sosai. A 1844 a babban tseren Derby na Epsom a Ingila an shigo da doki ɗan shekara 4 mai suna Maccabeus da sunan Running Rein a tseren 'yan shekara 3, ya ci, sai da aka je kotu sannan aka mayar wa Orlando nasararsa. Shekara biyu ma kafin na Birisben, a 1982, an yi irinta a filin Leicester na Ingila inda Good Hand ya fito da sunan Flockton Grey ya ba sauran tazarar tsayin doki 20, tazarar da ita kanta ta sa kowa ya sha jinin jikinsa.

Wanda ya kitsa na Fine Cotton sunansa John Gillespie, mai harkar saye da sayar da dawaki, kuma ya taɓa zaman gidan yari. Shi ya nemo mai horarwa Hayden Haitana, ɗan asalin Niyu Zilan, mutumin da ba shi da wani ƙarfi a harkar. Kuma gaskiya a ba shi haƙƙinsa, shirin farko ba na wawa bane. Ya sayi wani doki mai gudu, Dashing Solitaire, sannan ya je ya nemo rago mai kama da shi kamar an tsaga kara, wato Fine Cotton. Aka yi ta fito da Fine Cotton yana shan kaye, farashinsa na ƙara nisa, ana jiran ranar da za a yi musaya.

Ana saura kwanaki kaɗan sai Dashing Solitaire ya ji rauni, ba zai iya gudu ba. Mai hankali anan zai ce a fasa, a jira wani lokaci. Amma an riga an raɗa wa mutane da yawa, an riga an tanadi kuɗi, kuma irin mutanen da ke zuba manyan kuɗi a irin wannan harka ba irin waɗanda ake zuwa a ce musu yi haƙuri an ɗage bane. Sai Gillespie ya yi sauri ya sayo Bold Personality, doki mai aji da yawa sama da Fine Cotton. Matsalar ita ce ko kaɗan basu yi kama ba. Fine Cotton ɗan shekara 8 ne, launinsa ya yi duhu, da fari a ƙafafunsa na baya. Bold Personality ɗan shekara 7, bikili ne mai haske, ba fari ko ɗigo a ƙafarsa.

Daga nan labarin ya koma abun dariya. Suka bi shaguna suka kwaso man rina gashi na mata, Clairol, suka yi ta shafa wa doki, da gari ya waye launin bai fito yadda suke so ba. Fararen ƙafafun kuwa sai ranar tseren aka tuna da su, aka ɗauko farin fenti aka fesa, fentin ya ƙi zama, aka naɗe ƙafafun da bandeji a rufe ɓarna. Haka aka kai shi Eagle Farm, haka ya wuce duk wani jami'i da ke wurin, aka ɗaura masa sirdi, aka ɗora masa wani matashin mahayi mai koyon aiki, Gus Philpot, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma daga baya bincike ya wanke shi.

Tseren ma da ƙyar aka sha. Doki mai aji irin wannan ana zaton zai yi musu fintinkau, amma Harbour Gold ya riƙe masa wuya har layin ƙarshe, da ɗan abun da bai kai rabin kai ba Bold Personality ya ci. Yana dawowa wurin sauke sirdi fenti na zuba a ƙafarsa, 'yan kallo suka fara ihu an yi musaya an yi musaya.

Anan akwai wata ƙa'ida da ta ceci dillalai, kuma ita ce a ganina mafi amfani a duk abun da ya faru ranar. A sukuwa cin tsere baya tabbata da wuce layi. Sai mahayi ya sauko an sake auna shi da sirdinsa an ga nauyin da aka ɗora masa yana nan, sannan alƙalan fili su sanar cewa nauyi ya yi daidai, sai a lokacin ake biyan caca. Wannan 'yan mintocin su ne dama ta ƙarshe. Alƙalan suka hana biya, suka kira Haitana ya kawo takardun rajistar dokin, ya fita kamar zai ɗauko, shikenan ba a sake ganinsa a filin ba. Aka soke dokin, aka ba Harbour Gold tseren, duk wanda ya sa kuɗi kan Fine Cotton ya tashi a tutar babu. An ƙiyasta cewa da abun ya yi nasara da masu shirin sun kwashi sama da dalar Ostireliya miliyan ɗaya.

Yawancin masu ba da labarin nan a kan fenti suke tsayawa, sabida shi ne mai daɗin ji. Ni kuma ina ganin fentin yana rufe wa mutane ido daga tambayar da ta fi ciwo. Dokin nan fa ya yi tseren. Ya shiga fili, ya zaga gaban jama'a, ya shiga ƙofa, ya gudu, ya ci, da rini a jikinsa da bandeji a ƙafa. A Ostireliya dawakin tsere suna da tambari a kafaɗa, alamar gidan da aka haife su da lamba da shekarar haihuwa, kuma takardar rajista tana ɗauke da launi da duk wani tabo na fari. Mutum ɗaya riƙe da takarda ya tsaya minti biyu yana duba kafaɗa ya isa ya kashe maganar tun kafin a ɗaura sirdi. Ba a yi ba. Yanzu ka ɗauka Dashing Solitaire bai ji rauni ba, shi ya fito, ba rini ba fenti, wa zai yi ihu? Abun da zai rage a hannun alƙalai shi ne abu ɗaya, kuɗin.

Kuma kuɗin ne ya fara tona asiri tun kafin doki ya motsa. Farashi baya faɗowa daga 33 zuwa uku da rabi haka siddan a kan dokin da ya zo na 10 makon jiya. Doki bai canza ba a takarda, mai horarwa bai canza ba, ba wani sabon labari, amma mutane a garuruwa daban daban, har da ƙasashen waje, duk sun farka rana ɗaya da son doki ɗaya. Duk wani tsohon dillali a filin ya san akwai lauje cikin naɗi. Wannan shi ne raunin duk wata maguɗin caca, dan ka ci riba dole ka sa kuɗi, in ka sa da yawa farashi ya motsa kowa ya gani, in ka raba wa mutane su sa maka kaɗan kaɗan to kowannensu baki gare shi, zai faɗa wa ɗan'uwansa shi ma ya sa nasa. Na Fine Cotton haka ya yi ta yaɗuwa har sirrin ya zama na kowa.

Shi ya sa binciken da ya fi girgiza harkar ba a Birisben aka yi shi ba, a Sidni ne. Ƙungiyar Australian Jockey Club, wadda a lokacin ita ke riƙe da sukuwar jihar New South Wales, ta bi sawun caca, wa ya sa, nawa, ta hannun wa, a wane fili. Sawun ya kai ga gidan Waterhouse, Bill da ɗansa Robbie, manyan dillalan caca na ƙasar gaba ɗaya. Ƙungiyar ta yanke cewa suna da masaniya tun kafin tseren, ta kore su daga filayen sukuwa. Cikin waɗanda korar ta shafa har da wani limamin cocin Katolika, Edward O'Dwyer. A lura, kotu bata taɓa samun su Waterhouse da laifin shirya musayar ba, amma a 1992 an yanke wa Robbie hukuncin tsarewa na wata 8, irin na lokaci lokaci, kan yin ƙarya gaban kotun ɗaukaka ƙarar sukuwa.

Wannan korar wani makami ne da sukuwa ke da shi wanda kotu bata da irinsa. Kotu sai ta tabbatar da laifi ba tare da kokwanto ba, hukumar sukuwa kuwa tana aiki ne da abun da hujja ta fi rinjaya, kuma in ta kore ka ba ka shiga fili, ba ka da lasisi, sannan masu lasisi ma an hana su hulɗar sukuwa da kai. Yana da kaifi, kuma yana yankar wanda ba ruwansa. Matar Robbie, Gai Waterhouse, 'yar shahararren mai horarwa Tommy Smith, ta nemi lasisin horar da dawaki aka hana ta sabida mijin da take aure, sai da ta yi shari'a, a 1992 ta samu, daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan masu horarwa a tarihin ƙasar har dokinta ya ci Melbourne Cup, babban tseren ƙasar, a 2013. Nan kam hukuma ta wuce gona da iri.

Hukuncin sauran kuma, Gillespie ya gudu aka kamo shi aka ɗaure shi shekara 4. Haitana ya samu shekara ɗaya, da kora ta har abada. An ɗage wa su Waterhouse tasu korar a 1998, bayan shekara 14, daga baya suka dawo kasuwa. Haitana, wanda ko kusa ba shi ne mai kuɗi a harkar ba, sai 2013 aka yafe masa, kusan shekara 30. Ban ce ba shi da laifi ba, shi ya kai dokin da hannunsa, amma ka duba wa ya fi daɗewa a waje.

Akwai wani juyi da Gillespie ya zo da shi shekaru da yawa bayan haka. Ya ce wai dama can so ake a kama musayar, wai ainihin kuɗin manya a kan Harbour Gold aka zuba shi, tunda kowa ya ruga kan Fine Cotton farashin Harbour Gold ya yi daɗi, in an soke na farko na biyu ya zama zakara. Maganar mutumin da aka ɗaure kan yaudara ce, kuma tana mayar da shi daga wanda ya kwafsa zuwa gwani, dan haka ni ban saye ta ba. Amma ko ƙarya ce ta taɓo wani abu na gaske, ana iya cin kuɗi da faɗuwar doki kamar yadda ake ci da nasararsa, kuma sa doki ya faɗi ya fi sa shi ya ci sauƙi nesa ba kusa ba. Ba ka buƙatar rini ko wani doki, mahayi ɗaya ya isa, ya makara a ƙofa, ya shige bayan wasu ya rasa hanya, ya ɗan riƙe linzami.

Wannan ɓangaren ya girma bayan shekara ta 2000 da aka buɗe Betfair a Ingila, wani shafin caca na intanet, inda kowa zai iya zama dillali ya yi caca cewa doki kaza ba zai ci ba. Mutane da yawa a harkar suka ce an buɗe wa ɓarayi ƙofa. Sai dai ita intanet tana barin sawu fiye da takardun kuɗi a fili, kowane asusu da suna da lokaci, kuma a 2003 kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da Jockey Club, wadda a lokacin ke riƙe da sukuwar Ingila, kan miƙa bayanan masu caca in an ga abun zargi. Yau manyan hukumomin sukuwa suna da ma'aikata da aikinsu kenan, zama gaban kwamfuta suna kallon yadda farashi ke motsi kafin kowane tsere, in sun ga wani asusu kullum yana caca kan faɗuwar dawakin mahayi ɗaya kuma kullum yana ci, sai a nemi bayanan waya a ga wa ke kiran wa. An hana mahaya yin caca, an taƙaita musu waya a ɗakin canza kaya. Da irin wannan ido a 1984, da wayar alƙalan Eagle Farm ta yi ƙara tun farashi na 20.

Amma ganin kuɗi daban, tabbatar da laifi daban. Shari'ar da aka yi wa zakaran mahaya Kieren Fallon da wasu a kotun Old Bailey ta Landan kan zargin sayar da tsere ta rushe a Disamba 2007, alƙali ya ce babu tuhumar da za su amsa, bayan shekaru ana bincike da kashe kuɗi mai yawa. Nuna wa masu taya alƙali hukunci cewa mahayi da gangan ya faɗi ba kuskure ya yi ba abu ne mai wuyar gaske, shi ya sa har yanzu yawancin hukunci daga hukumomin sukuwa yake fitowa ba daga kotu ba.

Sai kuma maganar wa ke sa ido a kan masu sa ido. A 1984 ƙungiyar da ke shirya tsere tana cin kuɗin ƙofa ita ce kuma ke da alƙalai, kaga duk abun kunyar da ta tono kanta ta tona wa. Kwinsland ta wancan lokacin ma ba wurin a yaba bane, binciken Fitzgerald da aka fara a 1987 ya bankaɗo cin hanci a rundunar 'yan sandan jihar har kwamishinansu Terry Lewis ya tafi gidan yari. Sai a 2016 jihar ta kafa hukuma mai zaman kanta ta kula da gaskiya a tsere, ta raba ta da masu kasuwancin, kuma abun da ya tilasta hakan badaƙalar tseren karnuka ce ta 2015, ba ta dawaki ba.

Ta fannin gane doki kuwa, yanzu ana cusa wa ɗan doki wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a wuya, mai ɗauke da lambarsa shi kaɗai, a Birtaniya da Ailan tun 1999, a Ostireliya tun 2003, ga gwajin jini ko gashi da ke tabbatar da uwa da uba. Ka kara sikana a wuya lamba ta fito, ba rinin da zai canza ta. Mutum zai ce to an rufe wannan babin. A Yuli 2017 a filin Yarmouth na Ingila wata goɗiya 'yar shekara 2, Mandarin Princess, ta ci tsere a 50 bisa 1. Da aka kai ta wurin ɗaukar fitsari dan gwaji aka kara sikana sai ga lambar Millie's Kiss, 'yar shekara 3 daga gida ɗaya, wadda nata tseren sai an jima a ranar. Ba damfara bace, mai horarwa Charlie McBride ne ya ɗaura wa wata sirdi a gaggauce a maimakon wata, aka ci shi tarar fam 1,500. An yi wa duka biyun sikana da suka shigo fili da safe, amma tsakanin barga da ƙofar tsere ba wanda ya sake dubawa, kuma kafin a gano an riga an sanar nauyi ya yi daidai, dillalai sun biya a kan dokin da bai ma yi gudu ba. Bayan wannan ne hukumar sukuwar Birtaniya ta ƙara sikana na biyu kafin doki ya fita tsere.